Tsanin Rumbun Baba

"Ɗana... sauke hannunka daga jinkar nan."

Inna ce ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Tun da Cindo ya fara zuwa neman aurena ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, daga gaisuwa sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Yau ga ta tsaye a gabansa tsakiyar rana, leɓenta a bushe, tana roƙonsa.

Ni kuma ina gefe riƙe da tsani.

Babana, Dattijo Isaka, shi ne babba cikin dattawan ƴar majami'armu da ke wani ƙauye kusa da Cadawa. Ya yi mana sallama ya ce zai je taron dattawa a Maradi, ba zai daɗe ba. Ya auna mana gero ya tafi. Geron ya ƙare, Baba bai dawo ba. Ka kira wayarsa, a kashe. Ɗan abin da Inna ta noma a gamanarta, wato ƴar gonarta ta kanta, tuni muka cinye shi tun kafin zafi ya shigo.

Muka koma kunun dusa da kwaɗon busasshen zogale. Autarmu Asiya da farko kuka take yi, daga baya ta daina. Sai ta kwanta a tabarma tana kallon mutum kawai. Wannan shirun nata ya fi kukan tayar min da hankali.

Ga kuma rumbun Baba tsaye a bayan ɗakinsa, wanda kowa a unguwa ya ga an cika shi da kaka.

A wajenmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Musulmi da Kirista duk haka muka taso muka tarar. Maigida ne ke ɗaga jinka, ya shiga, ya jeho dami, ya fito ya rufe. Abin da ke ciki tsakaninsa ne da Allah.

Cindo mushen lakol ne, wato malamin makaranta, a Gangara. Ranar ya zo a kan babur don ya gaishe mu, kasancewar aurenmu ya matso, har Pasto ya fara shelarsa a majami'a. Yana shigowa idonsa ya faɗa kan Asiya, daga nan ya kalli murhu, ya ga ba alamar an hura wuta. Bai tambayi kowa ba ya juya zai tafi kasuwa ya auno mana hatsi.

Inna ta hana. Ta ce ba a yi haka ba, a ce saurayi ya ciyar da gidan surukinsa tun ba a ɗaura ba, ina Baba zai sa fuskarsa? Ta ce muna da hatsi, ga shi nan rumbu guda, maigida kawai muke jira.

Maganar nan ita ta jawo komai.

"To Inna, in akwai, mi ya sa yarinya za ta kwanta haka?" in ji Cindo. "Ke fa matarshi ce. Ba baƙuwa ba ce."

Ya tuna mana abin da Pasto yake koya mana ni da shi duk Asabar a zaman shirin aure, cewa miji da mata jiki ɗaya suke, abin ɗaya na ɗayan ne. Ya ce Allah bai ɗora namiji shugaban gida don iyalinsa su kwana da yunwa kusa da abinci ba. Ya yi maganar da zafi, idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa in Cindo yana magana haka, zuciyata narkewa take. Na ga gaskiyarsa ƙarara. Na ga kamar tsoro ne kawai ya ɗaure Inna, tsoron da aka shayar da ita tun tana yarinya.

Ban jira an aike ni ba na ɗauko tsanin.

"Tabita..." Inna ta kira ni. Ban waiwaya ba.

Cindo ya sa gora ya ɗaga jinkar ya karkatar da ita gefe. Yana gamawa ya koma nesa, ya juya wa rumbun baya, ya ce shi ba zai kalla ba, ni ɗiyar gida in hau.

Na hau.

Daga sama na hango matan unguwa suna dawowa daga rijiya, har da Gwaggo Tala, yayar Baba. Suna hango mace a bakin rumbu suka tsaya cak a bayan darni, tulunansu a kai. Kunya ta kama ni, na ce bari in yi sauri. Na zura hannu na kamo dami na jeho ƙasa, kamar yadda na saba ganin Baba na yi.

Sai da ya bar hannuna na ji ba shi da nauyi.

Ya faɗi ba ƙara. Igiyar ta tsinke, ya watse a tsakar gida... kara ne. Busasshen karan gero, an yanka shi daidai tsawon zangarniya, an ɗaure shi kamar dami. Babu ƙwaya ko ɗaya.

Na sake zura hannu. Kara. Na tona can ƙasa. Kara.

"Wayyo Yesu," in ji Gwaggo Tala. Ta dafe ƙirji, ruwan tulunta na zuba a kafaɗarta ba ta ma sani ba.

Na ƙame a kan tsani, na kasa sauka, na kasa rufe baki. Rumbun Dattijo Isaka, mutumin da ake kai wa ƙarar ma'aurata ya sasanta, wanda yake tsayawa gaban jama'a ya yi addu'ar godiyar kaka... babu komai a ciki sai kara.

Cindo ya ji shirun ya yi yawa ya waiwayo. Ya ga karan a ƙasa, ya ga matan. Fuskarsa ta sauya kamar an watsa masa toka.

Inna ce kaɗai ta motsa. Ta sunkuya ta tattara karan ɗaya bayan ɗaya, ta rungume shi ta shige madafa.

Washegari da la'asar Baba ya dawo, rabin buhu a kafaɗa. Ashe babu wani taro. Tsutsa ce ta cinye masa kan gero a gona, ɗan abin da ya samu ya jera shi a sama, ya cika ƙasan da kara don kada a gane. Da na saman ya ƙare sai ya tafi wajen wani ɗan'uwansa a Gidan Rumji, yana buga tubali ana biyansa da hatsi. Tafin hannunsa duk ya fashe.

Tun a tasha labari ya tarye shi.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya ajiye buhun a ƙofar madafa, ya je ya tsaya kan Asiya ya daɗe yana kallonta, sannan ya wanke ƙafa ya zauna ya ce in zo.

Na durƙusa.

"Ke kika hau?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ya ɗaga jinkar?"

Na sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan gwiwata.

"Yaron da ya kware min sutura gaban matan gari tun bai shigo gidana ba," in ji shi a hankali, "in ya shigo mi zai bari? Lahadi zan tashi."

Na ji kamar an zare min ƙasa.

A majami'armu ana shelar aure Lahadi bayan Lahadi, kowane karo Pasto ya tambaya ko akwai mai dalilin da zai hana. Wannan Lahadin ita ce ta ƙarshe. Ban taɓa ganin wanda ya tashi ba. In kuwa uban yarinya da kansa ya tashi, babu Paston da zai ɗaura wannan aure.

Na kama ƙafarsa ina ba shi haƙuri, na ce laifina ne, ni na ɗauko tsani. Ya zare ƙafarsa a hankali. Ya ce Allah ya tsara gida da kai da jiki, yaron da ke koya wa mace ta haye abin da maigida ya rufe bai san tsarin ba, kuma ba zai miƙa masa ɗiyarsa ba.

Ranar Juma'a Cindo ya zo. Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar gidanmu cikin ranar nan mai ƙona fata, tun hantsi har inuwa ta juya. Baba bai fito ba. Gwaggo Tala ta wuce ta gefensa ta ce, "Mushe, a lakol ɗin ne aka koya maku buɗe rumbun mutane? To ka samu lamba ɗaya." Bai ɗaga kai ba.

Da na fita ɗebo ruwa ya biyo ni har gindin dogon yaron da ke hanyar rijiya. Idanunsa sun yi ja. Ya riƙa murza ɗan kututturen yatsan nan na shida da ke gefen hannunsa, abin da yake yi in ransa ya ɓaci.

"Tabita, rabin raina... ki dube ni mana."

Na kasa.

Ya ce bai yi barci ba tun ranar. Ya ce shi Asiya ya gani, bai taɓa kawowa a ransa rumbun babu komai ba. Sannan ya ce in Baba ya tashi ɗin, akwai buro, ofishin hukuma, a Agiye, shekarunmu sun kai, ana iya ɗaura mana a can ko da ba majami'a.

Sai lokacin na ɗago na kalle shi.

"Sau ɗaya na hau tsani don ka ce in hau, Cindo. Ka ga abin da na jeho."

Ya runtse ido kamar na mare shi.

"Ina sonka," na ce. "Allah ya sani ban taɓa son wani ba, ba na jin zan iya. Amma ba zan tsallake Baba sau biyu ba. In bai sa albarka ba... shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, masoyina."

Na ɗauki tuluna na wuce. Ban san yadda na isa rijiya ba.

Ranar Asabar da yamma ina bakace a gefen darni, Inna na surfen geron da Baba ya kawo, shi kuma yana zaune a inuwa yana gyara ƙotar hauya. Ba mai magana. Tun dawowarsa gidan haka yake.

Sai na ji taɓarya ta tsaya.

"Malam," in ji Inna, "ni fa na sani."

Baba bai ɗago ba. "Kin san mi?"

"Tun ranar da aka zuba na sani."

Hauyar ta suɓuce daga hannunsa. Ni ma faifan ya kusa faɗuwa.

Ta ci gaba ba tare da ta dube shi ba. Ta ce ta ga tarin karan da aka tanada don gyaran darni ya ragu a yini ɗaya. Ta ce ta lura in ya shiga rumbu yana daɗewa, ya fito idonsa jajir ya ce ƙaiƙayi ne. Akuyar da ta ce masa ta sayar don ciwo ya kama ta, lafiyarta lau, gero ta auno da kuɗin ta riƙa ƙarawa a kan wanda yake ba ta, don kada ya ga awon nasa bai isa ba.

Ashe da take roƙon Cindo ya sauke hannu, ba tsoro ba ne. Mijinta take rufa wa asiri. Ni da na ɗauka na fi ta ganewa, ni na kware abin da ta yi wata da watanni tana lulluɓewa.

"Kin sani," in ji Baba, muryarsa kamar ba tasa ba, "kika yi shiru?"

"Kai ma ka yi shiru."

"Ni ne maigida. Nauyin a kaina yake."

"Ban taɓa musu ba, Malam. Tun da na shigo gidan nan ka taɓa ce min zauna na tsaya?" Ta share fuska da bakin zane. "Amma ranar da aka ɗaura mana aure, gaban Allah ka ce ka ɗauke ni a cikin samu da rashi. Samun ka ba ni, ban taɓa kuka da kai ba. Rashin ne ka hana ni... kamar ban isa in riƙe shi tare da kai ba."

Inna ba ta tsaya nan ba.

"Kana kwana da shi a gefe ɗaya, ina kwana da shi a gefe ɗaya, ɗaki guda. Kai kada hankalina ya tashi, ni kada kanka ya sunkuya. Ga wadda ta sha wuyar can kwance." Ta nuna Asiya da haɓa. "Da ka gaya min, da tun da sanyi na tafi wajen ƴan'uwana, da na kama sana'ar ƙuli, da mun san abin yi. Yaron nan ya yi garaje, ban ce bai yi ba. Amma in ɗiyata za ta yi aure, na fi son ta auri wanda zai ce mata babu."

Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da surfe.

Baba ya daɗe zaune yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya tashi ya fita, ko hularsa bai ɗauka ba. Ban san ko maganar ta shige shi ba, ko kuwa ƙara tunzura shi ta yi.

Lahadi majami'a ta cika fiye da ranar Kirsimeti. Har waɗanda suka daɗe ba su zo ba sun zo, don kowa ya ji. Maza a gefensu, mata a namu. Ƴan Zumuntar Mata suna buga tuluna suna waƙa, ni ko kalma ɗaya ban ji ba. Cindo yana can bencin baya, kansa a ƙasa.

Pasto ya gyara tabarau ya karanto sunana da na Cindo. Ya yi tambayar da sauri, kamar mai son ya wuce kafin a ji.

Benci ya yi ƙara.

Baba ya miƙe.

Wata mata a bayana ta ja numfashi. Gwaggo Tala ta damƙe min hannu har na ji zafi. Na rufe ido na ce, Ya Yesu, ka ba ni ƙarfin da zan fita daga ɗakin nan da ƙafafuna.

"Pasto," in ji Baba, "na zo da magana a bakina. Kowa nan ya san wace ce, ya kuma san dalili."

Ko tari babu mai yi.

"Amma ɗiyar ba tawa ba ce ni kaɗai." Ya juyo gefen mata. "Maijidda... mi kika gani?"

Na buɗe ido.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan Inna a bakin Baba ba. Daga "ke" sai "uwar yara". Yau ga shi ya kira shi a gaban dattawa, a gaban samari, a gaban Pasto, kuma shawara yake nema. Wani tsoho a bencin gaba ya juyo gaba ɗaya yana kallonsa baki buɗe. Mata suka rufe baki da mayafi. Gwaggo Tala ta ce, "Isaka? Lafiyarshi kuwa?"

Inna ta daɗe kafin ta tashi. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta kalli ƙasa.

"Yaron yana da gaggawa," in ji ta. "Amma da ya ɗaga jinkar, baya ya juya. Bai leƙa ba. Da idona na gani." Ta ɗago kai. "A ba shi, Malam."

Baba ya gyaɗa kai.

"Kun ji," in ji shi. Ya zauna.

Pasto ya tsaya riƙe da tabarau ya manta abin da ke gaba. Sai wata tsohuwa cikin ƴan Zumunta ta rangaɗa guɗa, tuluna suka ɗauka. Ni kuwa na kifa kaina a cinyar Gwaggo Tala ina kuka kamar raina zai fita, tana bubbuga bayana tana cewa ita dai yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Bayan an tashi Cindo ya je ya zube gaban Baba a bakin ƙofa. Baba ya bar shi ya ɗan jima a ƙasa kafin ya ce ya tashi, ya kuma gaya masa in ya sake taɓa jinkar wani, da gorar zai rama.

An ɗaura aurenmu kafin ruwan shuka. Ba a yi wani babban biki ba, shekarar ba ta bari ba. Ranar da za a kai ni Gangara, ana loda kayan ɗakina a amalanke, sai ga Baba ya fito daga bayan gida da sabon tsani a kafaɗa. Da hannunsa ya sassaƙa shi, hannun da bai gama warkewa ba. Ya ɗora shi a kan katifa ya ɗaure.

"Isaka, tsani kuma cikin kayan amarya?" in ji Gwaggo Tala. "Ina aka taɓa yi?"

"Nata ne," in ji Baba.

Ya juya ga Cindo, ya dafa kafaɗarsa.

"Kai ne maigida, ka riƙe ta da kyau. Amma ranar da babu, ita za ka fara gaya wa."

Amalanke ta tashi. Na ɗaga mayafi na waiwaya ta cikin hawaye. Baba da Inna suna tsaye a ƙofar gida, Asiya a tsakaninsu tana ɗaga min hannu. Ta saman darni ina hango rumbun, tsohon tsanin nan jingine a jikinsa. Baba bai mayar da shi ɗaki ba.